Rasuwar Mai'unguwa na Hawa na Goma Sha Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga Wanda komai zai koma gare shi, Injiniya Sharafaddeen Isiyaku yana sanar da 'yan'uwa Hausawa mazauna Doha, na Najeriya da na zangon Gana, rasuwar tsohon injin kwamfutar da ya yi wa hidima shekara tara, wanda aka fi sani da Mai'unguwa. Ya cika ranar Lahadi da hantsi a ɗakinsa da ke hawa na goma sha tara, a wani kamfanin tsaro da share-share a West Bay. Ya rasu yana da shekara goma sha huɗu.

Da yawa sun ci moriyar marigayin ba su taɓa ganinsa ba. Kamfanin yana da injuna ashirin da shida: na ƙofofi, na imel, na kyamarori, na jadawalin masu gadi da direbobi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san kowa. In mai gadi ya ɗora katinsa a wata ƙofa a Mushairib, ko direba ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, sai injin wurin ya aika tambaya sama: ka san wannan? In marigayin ya shaide ka, a buɗe maka. In bai shaide ka ba, ko kai ne mudir, wato shugaban kamfanin, a waje za ka tsaya. Kafin zuwansa kowane inji da nasa kundin suna, har mutum kan rubuta kalmomin sirri bakwai a takarda ya soke a hula.

Osman ne ya kafa shi, mutumin Kumasi, wanda ya koya wa Sharafaddeen aikin tun bai san inda ake kunna wutar ɗakin ba. Shi ne kuma ya raɗa masa suna, domin a cewarsa, baƙo ba ya samun masauki sai mai unguwa ya tsaya masa.

Marigayin mai riƙon amana ne. Bai taɓa karɓar na goro ba, bai taɓa tona asirin kowa ba, kuma bai bambanta mai shara da mai kamfani. Aibinsa ɗaya, saurin fushi: ka yi kuskuren kalmarka sau uku, ya ɗauke maka kai na kwatan awa guda, ko da sallar Juma'a za ta wuce ka. Ba shi da yawan magana. Daga gurnanin fankarsa, huuuu, sai wani ɗan kuka, ƙit-ƙit, da Osman ya saka masa don ya riƙa yi duk lokacin da shi Osman ɗin ya shiga da sunansa.

Shekara uku ke nan Osman ya tafi hutu gida, ciwo ya kama shi, ya rasu a can, bai dawo ba. Doka ta ce a share sunan wanda ya bar aiki a cikin kwana ɗaya. Sharafaddeen ya buɗe kundin, ya kai hannu, ya kasa. Ya ce gobe.

Ranar da aka yi sadakar bakwai, yana tsugunne a bayan injin yana gyaran waya, da ƙarfe tara da 'yan mintuna na safe, shi kaɗai a ɗakin, sai ya ji: ƙit-ƙit.

Ya duba allo, ga shi a rubuce: Osman ya nemi shiga, an shaide shi. Ya fita ya bar takalminsa ɗaya a bakin ƙofa. Washegari haka, jibi haka, lokaci ɗaya. Sati uku yana karanta Ayatul Kursiyyu kafin ya murɗa hannun ƙofar, alhali layi ɗaya zai karanta a allon ya ga daga inda ake shigowa. Bai karanta ba. Ya ce tsoro ne ya hana shi, amma ya san rabinsa ba tsoro ba ne. Ba ya so a ce masa ba Osman ba ne.

Da ya daure ya duba, sai ya ga daga Kumasi ne. Ya kira Suwaiba, matar Osman.

"Hajiya, ke ce kike shiga imel ɗin Maigida?"

Ta ce, "Ni ce, Malam Sharafa. A asibiti ya ba ni kalmar don in sanar da kamfani. Duk wasiƙun da muka yi shekara goma sha ɗaya suna ciki, nawa sun tafi da tsohuwar wayata. In na idar da asuba, ɗaya nake karantawa. In laifi ne, ka rufe."

"Ba laifi ba ne, Hajiya," in ji shi, ko da yake ya san laifi ne, kuma irin wanda ake sallamar mutum a kansa.

Ya ƙwace wa sunan duk wani iko, ya bar masa imel kaɗai. Kukan ƙit-ƙit kuwa, bai cire shi daga injin ba. Shekara uku, ƙarfe tara na yi zai sami abin da zai kai shi ɗakin.

Jinyar marigayin ta daɗe. Abokin tagwaicinsa, injin nan wanda yake riƙe masa aiki in ya gaza, ya riga shi rasuwa tun bara, mudir kuma ya ce khalas, shi ke nan, ba za a sake wani ba tunda za a koma sabon tsari na kan intanet. Sai ga zafin Agusta. Na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya ranar Juma'a babu kowa, marigayin ya yi kwana biyu yana haki a rufe. Da Sharafaddeen ya shigo ranar Lahadi, ya tarar da fankar tana wata irin karkarwa, kar-kar-kar, ɗakin yana ƙaurin roba. A gaban idonsa koriyar fitilar ta koma ja, ta mutu.

A wannan sa'a ƙofofi suka daina sanin mutane. Garzali, wanda ya shekara goma yana gadin bene ɗaya, ya ɗora katinsa aka ce ba a san shi ba. Mutum dubu biyu da ɗari uku suka zama baƙi a wurin aikinsu. Ana cikin wannan ruɗani waya ta shigo daga Kumasi.

"Malam Sharafa," in ji Suwaiba a hankali, "yau injin naku ya ce bai san Osman ba."

Kwana biyu aka yi ana kwashe sunaye daga ajiya zuwa sabon tsari. A nan mudir ya ga sunan mamaci da ake shiga da shi kullum. Ya kira Sharafaddeen ofis, shi kuwa ya faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe. Mudir ya ba shi takardar gargaɗi, ya kuma ba shi awa ɗaya ya kwashe wasiƙun miji da mata kaɗai. Sun isa Kumasi, Hajiya ta ce ta gode, amma ba ɗaya ba ne, domin dā tana ji kamar ƙofarsa take ƙwanƙwasawa a amsa mata.

Marigayin ya bar injuna ashirin da shida, waɗanda tuni suka koma hannun sabon uba. Ya bar ɗaki babu kowa, da injiniya guda wanda har yau kan tsaya cak a bakin ƙofar da safe, ya rantse ya ji wani abu, alhali da hannunsa ya zare wayar wutar.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan La'asar, a ɗakin ajiya na ƙasan benen, inda za a huda faifan ajiyar bayanansa da inji kamar yadda doka ta tanada. Ana karɓar gaisuwa a masaukin Injiniya da ke Madinat Khalifa ta Kudu. Ba a buƙatar addu'a ga ƙarfe, a yi wa masu rai da mamata. Akwai sunaye arba'in da bakwai da sabon tsari ya ƙi karɓa, na waɗanda suka koma gida ba sallama, da waɗanda aka mayar a akwati. Tare da marigayin za a binne su. Kafin a kunna injin hudar, Sharafaddeen zai karanto su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da waninsu, don Allah ya zo ya amsa a madadinsa in an kira sunansa.