Rasuwar Hedimasta, Maɗaurin Tirelar Gidan Pawliw

Da zuciya mai nauyi, da baƙin cikin da har yau bai lafa ba, Malam Myron Pawliw na garin Canora da ke can arewa mai tsananin sanyi, tsohon malamin lissafi, da mai ɗakinsa Lesia, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan tafiya rasuwar maɗaurin tirelarsu, wanda aka fi sani da Hedimasta. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata, uku ga Oktoba, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a cikin kwatamin da ke gefen hanyar tabki, yana bakin aikinsa. Shekarunsa ashirin da huɗu.

Ga waɗanda ba su taɓa yi masa kallon tsanaki ba, marigayin faranti ne na baƙin ƙarfe mai siffar kofaton doki, yana zaune a kan dogayen ƙarafa biyu a bayan a-kori-kura. A cikinsa akwai muƙamuƙi da ke cafke turken da ya sauko daga goshin tirela. Tirelar kuwa gida ce sukutum, da gado da murhu da banɗaki, wadda ma'auratan ke ja zuwa Yuma, wani gari mai ɗumi can kudu, duk shekara idan sanyi ya kawo kai, su dawo idan ƙanƙara ta narke. Lesia ce ta laƙaba masa sunan, don tunawa da wani shugaban makaranta da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, wanda in ya kama kunnen mutum sai ya ga dama yake saki.

Ba a yi garaje wajen zaɓensa ba. Malam Myron ya kai tirelar kan sikelin 'yan hatsi, cike da ruwa da gas da kwalaben kabejin Lesia, ta nuna tan biyar da rabi. Ya lissafa cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan nauyi zai sauka ne a kan turken, wato a gadon bayan motar. Sai ya tsallake mai ɗaukar tan shida, duk da mai kanti ya rantse masa ya isa, ya ɗauki mai tan bakwai da ɗoriya. Ya shaida wa mai kantin cewa ɗalibin da ya saba tsallake jarrabawa da maki hamsin cif, ran da ya tashi da ciwon kai faɗuwa zai yi.

Kwana uku aka yi ana nema masa mazauni. Malam Myron ya kwanta a ƙarƙashin motar ya gano tsakiyar aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya rataya zare mai noti a baki, ya yi alama da alli, sannan ya matsa gaba da inci biyu. Ya auna daga hagu, ya auna daga dama, ya goge, ya sake. Maƙwabcinsa marigayi Stefan Boychuk, manomi, yana tsaye riƙe da injin huda, har ya gaji ya ce, "Malam, ramuka ne fa za mu huda, ba tiyatar zuciya ba. In ka ƙara awo ɗaya zan tafi in yi girbi in dawo." Malam Myron ya yi masa bayani a hankali, yadda ya saba yi wa 'yan aji tara: in nauyin ya sauka gaban aksul kaɗan, tayoyin gaba ma suna samun rabonsu, mota ta dafe ƙasa. In ya sauka a bayansa, mota ta zama lilo, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Stefan ya ce ya gane tun jiya, a dai bari ya huda.

Daga wannan rana Hedimasta bai taɓa yin fashi ba. Sau ashirin da uku ya sauka kudu, sau ashirin da uku ya dawo. Ya haye duwatsun Montana cikin dusar ƙanƙara, ya sha iskar Utah wadda ke kifar da manyan motoci. Abin da yake nema kawai cokali biyu na giris a farkon tafiya. Ba mai yawan magana ba ne. Idan turke ya shiga yakan ce "ƙarap", sau ɗaya, da murya mai kauri, Lesia ta yi alamar gicciye ta rufe ƙofa. A kwana mai tsanani yakan yi ɗan gunaguni, "ƙiiir", kamar dattijon da aka tasa daga kujera. Ban da waɗannan, shiru.

Wanda ya fi kowa cin moriyarsa ita ce Lesia. Shekara goma sha biyar ke nan sanyin ƙashi ya kama mata hannaye da gwiwoyi. A Canora, idan sanyi ya kai arba'in ƙasa da sifili, ba ta iya ɓalle maɓallin rigarta. A Yuma kuwa, mako biyu da sauka, sai a gan ta tana murza ƙullin perogi, 'yan curin fulawa masu dankali a ciki, tana raba kati da matan layinsu. Wata biyar na kowace shekara tana da hannaye, kuma marigayin ne ke kai ta inda suke.

Jinyarsa ta fara ne a bazarar bana, ba kuma daga jikinsa ta taso ba. Tsohuwar a-kori-kurar, mai bodi ƙafa takwas, tsatsa ta cinye mata shasi, wato ƙarafan da ke ɗauke da ita daga ƙasa. 'Yarsu Darlene da mijinta Curtis, mai sayar da injinan noma, suka yi abin kirki: suka kawo wata sabuwa dal, mai ƙofa huɗu, mai kujerun da ke ɗumama kansu. Sai dai bodinta gajere ne. Malam Myron ya faɗa, a lokacin, cewa gajeren bodi yana bukatar maɗauri mai zamewa, wanda ake turawa baya idan za a sha kwana a hankali, don kada kusurwar tirela ta fasa gilashin bayan direba, a kuma mai da shi gaba kafin a hau titi. Curtis ya dafa kafaɗarsa ya ce kada Baba ya wahalar da kansa, shi ya riga ya kalli yadda ake yi a waya.

A makon da aka kwantar da Malam Myron don cire masa yanar ido, Curtis ya ba da Asabar ɗinsa guda ya ɗaura Hedimasta a sabuwar motar, don ya zama kyautar ba-zata. Da ya ga goshin tirela ya kusa gilashi, sai ya ja Hedimasta baya har ya ga ya wadata, ya huda, ya ɗaure. Aikin ya yi tsaf. Notikan sun ɗauru, har fenti ya shafa.

Da idon ya warke, Malam Myron ya shiga gareji shi kaɗai da tef ɗin awo. Inci goma bayan aksul. Daga biyu a gaba zuwa goma a baya, ƙafa ɗaya ke nan cif.

A nan dole a faɗi gaskiya, tun da mai rasuwa ba ya iya faɗa. Malam Myron ya san abin da ya gani. Shekara talatin da biyar ya yi yana jan layi da jan biro ƙarƙashin kuskuren 'ya'yan mutane, bai taɓa barin ko ɗigo ya wuce ba. Amma a garin nan ba a kushe kyauta. Wanda aka kawo wa miya da gishiri ya yi yawa cewa yake ta yi daɗi, ya shanye, ya wanke kwanon ya mayar da wani abu a ciki. Ga mota sabuwa, ga suruki ya ƙone wuya a rana, ga 'ya tana tsaye tana jiran ganin fuskarsa. Ya ce, "Na gode, Curtis. Ka sha aiki." Ya yi wa kansa alkawarin zai gyara a asirce kafin tafiya. Sai ya tarar gwiwoyinsa ba sa yarda ya kwanta a ƙarƙashin mota, Stefan ba ya duniya, kanikawan garin kuma su biyu ne, duk abokan wasan ƙanƙarar Curtis. Ya ce bari dai ya gwada zuwa tabki, mil talatin, a hankali, ya ji yadda take.

Sun yi mil goma sha tara. Sitiyarin yana yawo a hannunsa kamar an ɗora motar a kan ruwa, ya rage gudu. Wata babbar motar hatsi ta taho daga gaba ta wuce da iskarta. Tirelar ta karkata hagu, ya gyara, gaban motar bai amsa ba, ta dawo dama da duk nauyinta. Suka gangara kwatami. Tirelar ta kwanta a gefenta tana neman kifar da motar. Hedimasta ya yi wata ƙara da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, doguwa, kamar ana yaga kwanon rufi. Ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe, farantinsa ya tsage. Muƙamuƙinsa bai buɗe ba. Mai motar janwe ya ce sai da ya sa wuta ya yanka kafin ya raba shi da turken, ya kuma ce da ya saki, da goshin tirelar ya shigo musu ta gilashin baya. Lesia ta ƙuje goshi. Kwalaben kabeji goma sha ɗaya sun fashe.

An yanke hukunci ranar Litinin da ta biyo baya, a kan teburin liyafar godiya ta shekara, bayan an kwashe ƙashin talo-talo. Curtis ya yi magana da tausasawa. Ya ce ƙarfe mai shekara ashirin da huɗu ai ya gaji, bai kamata ma a ce an sake ɗaura shi ba, laifinsa ne da ya biye wa son da Baba ke yi masa. Darlene ta ce ɗan sandan da ya zo wurin ya tambaye ta shekarun direba, da ta ce saba'in da tara sai ya rubuta.

Malam Myron ya ajiye cokali ya ce, "Inci goma ne bayan aksul."

Darlene ta ce, "Baba, don Allah. Mutumin nan ya ba ka mota, ya ba ka Asabar ɗinsa. In ka ga kuskure, me ya hana ka faɗa tun watan Yuni?"

Malam Myron ya nemi a je gareji a auna. Sai aka sanar da shi cewa Curtis, don ya ɗauke masa ganin abin da zai tayar masa da hankali, ya riga ya kwance ƙarafan tun ranar Alhamis, ya sa an feshe bodin da baƙar roba mai kauri. Ramukan sun rufu. Bodin ya yi kyau sosai.

Lesia ce kaɗai ta tsaya masa, ita ma da rabin baki. Ta ce shekara hamsin da ɗaya tana zaune a damansa bai taɓa taka ko kaza ba. Darlene ta riƙe hannun mahaifiyarta, ta dubi plastar da ke goshinta, ta ce abin da take so ke nan ya ci gaba da zama gaskiya. Sannan ta miƙa ɗaya hannun ta kan teburin, tafin a buɗe. Malam Myron ya ciro makullin motar daga aljihun rigarsa ya sa mata. An kawo kofi.

Marigayin ya bar tirela guda, wadda aka gyara wa gefe, take zaune a filin dillali da takardar sayarwa a goshi. Ya bar ƙarafa biyu da ya zauna a kansu, da gwangwanin giris da aka ci rabi. Ya bar fili mai lamba ɗari da goma sha huɗu a sansanin Yuma, mai itacen lemo a kusurwa, wanda aka riga aka bai wa wasu ma'aurata daga Alberta, an ce mutanen kirki ne. Ya bar Lesia, wadda aka saya wa bargo mai lantarki da wata 'yar ƙugiya ta ɓalle maɓalli. Tsohuwar a-kori-kura da Stefan Boychuk sun riga shi tafiya.

Iyalan suna roƙon masu zuwa ta'aziyya su yi haƙuri da abu ɗaya. Kada a ce ya tsufa, kada a ce lokacinsa ne ya yi. An duba muƙamuƙinsa bayan rasuwa, ko kaurin farce bai ci ba. An zaunar da shi ne inda ba wurinsa ba, wanda ya zaunar da shi bai sani ba, wanda ya sani ya ce na gode. Malam Myron ya yafe wa na farkon. Na biyun ne yake haɗuwa da shi kullum a madubi wajen aski.

Za a ajiye gawar a garejin gidan, a kan katako biyu, daga ranar Alhamis zuwa Juma'a, ƙarfe biyu zuwa huɗu na yamma, ga mai son yi masa kallon ƙarshe. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe za a ɗauke shi zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan layin dogo. Nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ana neman maza biyu masu lafiyar baya. Curtis ne zai tuƙa. Ba a bukatar furanni. Bayan an dawo akwai kofi da burodi mai ƙwai a kicin, perogi kuma na kanti ne, Lesia ta ce a ba kowa haƙuri.

Wanda bai samu zuwa ranar ba, kada ya damu da bugo waya kafin ya taho. Masu hasashe sun ce ƙanƙarar bana za ta sauka da wuri. Malam Myron da Lesia suna gida har watan Afrilu.