Rasuwar Zabuwa, Jar Motar Marigayi Nathaniel

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu ya ƙi sauka, Malam Ishaku Dogo, tsohon malamin lissafi mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi, a madadin kansa da mai ɗakinsa Rifkatu da 'yarsu Mercy, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Zabuwa, jar motar nan mai ƙofa biyu wadda duk mai bin layinsu ya sani. Ta rasu ranar jajibirin Kirsimeti a ƙofar gidan mahaifiyarsa, can bayan Kagoro, tana da shekara arba'in da 'yan kai, bayan doguwar jinyar da maganinta ya fi cutar wahalarwa.

Malam Ishaku ya san abin da wasu za su ce. Za su ce ai ko shekaranjiya sun ga ta wuce ta titin gidan Zoo, fentinta na ɗaukar ido. Don girman Allah a rufa masa asiri, a bar wannan magana. Abin da kuka gani mota ce, ba musu, tana tashi bugu ɗaya, ba ta zafi, ba ta shan baƙin mai. Amma Zabuwa ta mutu, kuma wadda ta tabbatar da mutuwar ta fi kowa saninta.

An haifi marigayiyar a ƙasar Japan, aka ƙera ta don gudu kawai: dogon hanci, ciki dab da ƙasa, kujera biyu rak. Wani Bature mai aiki a masaƙa ya shigo da ita Kano, da zai koma ƙasarsu ya sayar wa Nathaniel, yayan Malam Ishaku, wanda a lokacin saurayi ne ɗan kwalisa. Dangi sun yi surutu har suka gaji. Motar da buhun masara ba ya shiga bayanta, in aka ɗauki mutum na uku sai ya naɗe ƙafafunsa ya rungume su, me za a yi da ita? Nathaniel dai murmushi yake yi ya goge gilashinta da hannun rigarsa.

Daga muryarta ta sami suna. In ta taso sai ka ji ƙurƙyat, ƙurƙyat, ƙurƙyat, sak kukan zabuwa, in direba ya ɗaga ƙafa daga totur kuma ta rufe da tuf! Kowace Kirsimeti Nathaniel da ita yake zuwa gida. Tun tana shawo kwanar dutsen da ke bakin ƙauyen, kafin kowa ya hango ja, mahaifiyarsu Mama Jummai za ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Ku kama zakaran nan, Nathaniel ya iso." Ba ta taɓa sa an kama zakara a banza ba.

Da Allah ya karɓi ran Nathaniel, Malam Ishaku ya gaji motar, ya kasa hawanta ya kuma kasa sayar da ita. Ya tura ta gindin dalbejiyar ƙofar gida ya lulluɓe da tampol. Awakin unguwa suka mai da bayanta wurin hutawa, ɓeraye suka cinye wayoyi, shekaru suka yi ta wucewa. Can a ƙauye idanun Mama suka tafi gaba ɗaya. Wata Kirsimeti yana zaune a gefenta sai ta ce, "Ishaku, ganin ɗana dai ya wuce. Amma da zan ji kukan motar nan ta shawo kwanar dutse ko sau ɗaya kafin in tafi, da raina ya yi sanyi." Shi kuma ya buɗe baki ya ce, "Mama, za ki ji." Tsohuwar ta haura tamanin, kuma ya san ba shekaru da yawa aka ba shi ya cika wannan alkawari ba.

Aka kwantar da marigayiya a garejin Abdulmalik da ke Unguwar Gano. Iyalai na so a sani cewa Abdulmalik mutumin kirki ne, mai amana, hannunsa kuma da albarka. Wannan ma na cikin abin haushin, don da mugu ne da an san yadda za a yi fushi da shi. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Malam, nata dai babu a kasuwa, amma akwai wanda zai shiga." Kuma duk abin da Abdulmalik ya ce zai shiga sai ya shiga, ko da guduma ko da walda. Lagireton wata bas ya shiga. Birkin wata motar gida ya shiga. Sitiyari, kujeru, fitilu, hannun ƙofa, kowanne daga gidan da ya fito daban. Malam Ishaku ya yi ta sintiri zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa yana riƙe da mataccen ƙarfe a leda, har 'yan kasuwa suka san shi, daga nesa suke jawo masa benci suna girgiza kai tun bai kwance ledar ba. Mercy ta taimaka ta sayo fitilar baya ta intanet daga ƙasar waje. Aka yi ta jira har damina ta wuce, da ta iso sai ga ta hagu, alhali ta dama ce ta fashe.

Rifkatu ta yi haƙuri iyakar haƙurin ɗan Adam. Ɗakin girkinta na yoyo, kuɗin kwanon da za a rufe shi ya tafi a fenti. Ranar da ta tarar da fistin jiƙe cikin kalanzir a robar wankinta ne ta ce, "Baban Mercy, wai mota kake gyarawa ko asibiti ka buɗe mana a gida?"

Abu ɗaya ne ya kafe a kai. Abdulmalik ya roƙe shi ya fi a ƙirga: "Malam, a sa mata injin zamani ka huta, kowa haka yake yi." Shi kuma ya ce a'a, atafau. "A canja komai, ban da inji. Muryarta nake so." A lissafinsa na malami, yadda muryar mutum ke fitowa daga ƙirji, haka ta mota ke fitowa daga inji. Aka sauke injin aka warware shi ɗai-ɗai, aka wanke, aka sake ɗaurawa. Ranar da ta tashi, garejin ya ɗauka: ƙurƙyat, ƙurƙyat, tuf! Malam Ishaku ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi kuka a gaban mutane, kuma a nan ya ba Abdulmalik labarin Mama da alkawarin da ya ɗauka. Tausayi ya kama Abdulmalik har ya share ido da bayan hannu. Tausayin nan ne ajalin marigayiya.

Ana gobe tafiya ya bar ta a gareji a juye mata baƙin mai a wanke ta. Da ya koma da rana ya tarar da Abdulmalik tsaye a gefenta, baki har kunne.

"Malam, tayar da ita ka ji."

Ya murɗa makulli. Motar ta yi fuuu, a hankali, kamar fankar ɗaki. Ya taka totur, ta ƙara yin fuuu.

"Abdulmalik, ina muryar?"

"Ai ita ce wannan, Malam! Salansarta ce a tsage tun zamanin da, da waya ma aka ɗaure ta, ita ke rufe kukan injin. Na ce motar da za ta je gaban Mama ba za ta je tana wannan hayaniya ba. Sabuwa dal na sa mata, kyauta ce, wallahi ko ka ba ni kuɗi ba zan karɓa ba. Yanzu Mama za ta ji injin tsaf."

"Ina tsohuwar?"

"'Yan jari-bola sun wuce da ita tun da safe."

Ashe duk shekarun nan da Malam Ishaku ya yi yana gadin inji, muryar tana can ƙarƙashi, cikin wata tsaga da ba ta fi tsawon yatsa ba. Kai, jama'a! Suka tare adaidaita su biyu, suka bi masu tura kurar jari-bola layi-layi daga Daurawa har cikin Tarauni, suna tsayar da kowanne suna tona masa kaya. Da suka gano inda ake tara ƙarafan, aka nuna musu filin da tirela ta tsaya, ta riga ta cika ta nufi kudu inda ake narkarwa. Maƙogwaron Zabuwa ƙila yanzu rodi ne a ginshiƙin gidan wani.

Suka dawo gareji. Abdulmalik ya ɗauki ƙusa da guduma ya shiga ƙarƙashin motar, ya fara huda kyautarsa da hannunsa yana cewa, "Malam, ka yafe ni." Huda ta farko, ta yi kukan janareta. Ta biyu, ta koma babur. Da ya faɗaɗa ramin sai ta zama injin markaɗe, har wata maƙwabciya ta leƙo da bokitin tattasai tana tambaya ko an buɗe sabon wuri. An huda, an toshe, an ɗaura waya, an kwance. Duk kukan da ke duniya motar nan ta yi shi ranar, ban da nata.

Haka suka kama hanya da safe, shi da Rifkatu, don Mercy ta riga ta yi gaba a motar haya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne motar ba ta yi ko tari ba. Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, tana shan kwana tana miƙewa, tana kauce wa ramuka yadda ya juya ta. Tun da yake tuƙi bai taɓa riƙe mota mai biyayya haka ba, shi kuma a zuciyarsa addu'a yake ta yi ta mutu a hanya, ko ya sami abin da zai faɗa. A wuraren bincike jami'ai sai sun zagaye ta suna yabo kafin su ɗaga hannu. Rifkatu ta ce, "Ƙila fa Mama ta manta yadda kukan yake." Ya ce, "Mama ba ta mantuwa."

Da yamma suka shawo kwanar dutsen. Ya taka totur, ya ɗaga ƙafa, ya sake takawa, yadda Nathaniel ke yi. Mama tana zaune a kujerarta a ƙofar gida, ta karkata kai wajen hanya. Mercy ta ce tun da hantsi kakarta take wurin, zakara a ɗaure a gefenta. Da motar ta tsaya sai Mama ta juya ta ce, "Wa kuma ya kawo injin niƙa a jajibiri?"

Malam Ishaku ya durƙusa a gabanta. "Mama, ni ne. Ga Zabuwa na kawo miki."

Ta miƙa hannu aka tashe ta. Ta shafa ƙofa, ta shafa kujera, ta zagaye sitiyarin da yatsunta tana neman inda hannun Nathaniel ya cinye fatar, ba ta samu ba. Ta ce a tayar, aka tayar. Ta saurara, ta saurara, sannan ta ce a kashe. Sai tsohuwar nan ta haɗa leɓe ta yi da bakinta: ƙurƙyat, ƙurƙyat, ƙurƙyat, tuf! Daidai, babu abin da ta rage.

"Haka take yi," in ji ta. "Ashe ita ma ta bi shi."

Ta lalubo kansa ta dafa, ta ce, "Sannu, Ishaku. Sai haƙuri." Shi da ya zo sanyaya mata rai, ita ce ta yi masa ta'aziyya. Zakaran dai ta sa an yanka, ta ce ai Ishaku ma ɗa ne, kuma ya iso.

Marigayiyar ta rasu ta bar kujeru biyu a teburin wani mai shayi a Daurawa, da tayoyi huɗu da ke danne da rufin wani shago a Unguwar Gano, da tsohuwar ƙofarta ta hagu wadda yanzu ke tsare akurkin kajin Rifkatu. Ta bar inji ɗaya lafiyayye wanda ba shi da abin faɗa. Ta kuma bar Abdulmalik, wanda tun ranar bai iya haɗa ido da Malam Ishaku ba. Ana roƙonsa ya zo, ba a riƙe shi da komai ba, kyauta kawai za a ce ya daina.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a gindin dalbejiyar ƙofar gidan Malam Ishaku da ke Gyaɗi-Gyaɗi, inda za a cire batir a ja tampol. Zaman makoki a nan ƙofar gida, akwai benci da ruwan sanyi. Masu zuwa ta'aziyya kar su zo da shawara, kar su zo da lambar wani bakanike, kuma duk wanda ya ce "amma ai tana tashi" za a raka shi bakin titi. Ba za a tayar da motar ba. Mama ba za ta iya zuwa ba, amma Mercy za ta kira ta a waya kafin a rufe, a yi shiru ta yi mana kukan sau ɗaya, tunda yanzu a bakinta kaɗai ya rage.