Ranar da Shafinmu Ya Fito Fari Fat

Ba zan taɓa mantawa da sitaj ɗina, wato koyon aiki, na Mayahi ba, ko na manta ma mutanen biro, abokan aikina, za su tuna mini. Tarayyar ƙungiyoyin manoman gero da wake ce ta ɗauke ni gwaji: in shafinsu na intanet ya fito da kyau ranar babban taro, aiki ya zama nawa. Na dawo daga karatu a Yamai ke nan, kai ya kumbura, har gaisuwa da Faransanci nake amsawa.

Madam Hadiza ce ta soma aikin kafin a mai da ita Tasawa. Tsarinta shi ne a zuba bayanan ƙungiyoyi wuri guda, wata takardar salo mai suna XSLT ta juya su su zama shafi. Ina dubawa sai na ga alamar script, wadda ke kiran wani fayil daga waje, ba komai a cikinta sai 'yar magana tsakanin buɗewa da rufewa: "a bar ni nan".

Na yi dariya. Na ce wa abokan aiki wannan aikin 'yan koyo ne, mu a Yamai ba ma barin shara. Da safen taro na share 'yar maganar, ban kuma gwada ba (gwani ai ba ya ɗanɗana miyarsa).

Abin da ban sani ba: in alamar ta zama wayam, injin juyawar sai ya dunƙule ta ta koma guda. Burauza kuwa, manhajar da ke nuna shafin, ba ta yarda an rufe ba, sai ta yi ta haɗiye duk abin da ya biyo baya tana jiran rufewa.

Wakilai sun zo daga garuruwan Attantane da Cake, direkta na gaba. Na yi dogon jawabi, na latsa don a haska shafin a bango. Bango ya yi fari fat.

"Rezo ne," na ce, na ɗora wa layin intanet laifi.

"Rezo cike yake," in ji direkta, ya ɗaga wayarsa.

Wani dattijo daga Attantane ya gyara zama. "Ɗana, mi munka yi maka? Bana ko a bango ba mu samu damina ba?"

Zaure ya ɗauka. Gumi ya jiƙa mini kwat, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Direkta ya kira Madam Hadiza a waya, ya kuma buɗe murya kowa na ji.

"Wa ya taɓa 'yar maganar nan?"

"Ni ne, Madam."

"Ƙanena, ba ka iya karatu ba ne? Da Hausa hwa na rubuta ta. Mai da ta inda ka iske ta."

Na mayar, shafi ya fito tsaf, aka tafa wa wayar direkta. Aikin kuwa wani aka ba.

Tun daga nan, ko tsumma na gani ɗaure a bakin gonar mutum, ba na kwancewa sai na tambayi mai gona.