Jan Ruwan da Na Kai Tsibiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙulle kwalabe a bakin gyalena na nufi Tsibiri ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da na sani. Ni ban shiga lakwal ba, ko bihim na boko ban iya ba. Jikata Nafisa ce ke riƙe da bik tana rubutawa yanzu, ni bakina kawai nake ba ta (na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, kada ta tsallake inda na ji kunya). A Sabon Gari an san ni. In ana biki ni ake shimfiɗa wa tabarmar gaba, in mata sun yi rikici ni ake aika wa in raba. Ba yabon kai nake ba. So nake ku san tsawon inda na faɗo.

Nafisa marainiya ce. Uwarta ɗiyata ce ta fari, wurin haihuwar ƙanenta ta rasu, ta bar mini ita tana tatata. Ubanta ɗan kasuwa ne, kullum yana hanyar Kwatano. Shekarar da abin ya faru tana ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, tana shirin babbar jarrabawar nan da suke ce wa bak. Duk darussa tana ja, in ban da guda: shimi. Ta ce mini ilimin haɗa abubuwa ne, yadda wannan ke cin wancan a sami wani abu dabam. Ta kuma ce in shimi ta kayar da ita, bak ta kayar da ita, karatun ungozoma da take buri ya tafi ke nan. Na san abin da ya sa take son ungozomanci. Ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

Sai ta kawo Ramatu, 'yar ajinsu, doguwar yarinya mai shiru, wadda duk ajin ba mai kamo ta a shimi. Daga Tsibiri take zuwa kullum. In an tashi sai ta biyo ta gidanmu, su jingina tablo, baƙin allon nan, a bangon tsakar gida, ta yi ta koya wa Nafisa har la'asar sakaliya. Durƙusawa take har ƙasa ta ce, "Kaka, ina wuni." Ni kuma in dama mata fura da hannuna.

To amma Nafisa sai ramewa take. Ta bar cin abinci. Tana shara tana magana ita kaɗai da Faransanci, ta ɗora tukunya ta manta har ta kama. Ni kuwa haihuwar Jiratawa ce, na tashi ina jin tsofaffi suna faɗin maganganu a kan mutanen Tsibiri, wai bori, wai asiri. Ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Amma maganar tana kwance a cikina, jira kawai take.

Wata ranar Asabar ina madafa, na leƙo ta jikin zana. Sai na ga sun bar tablo sun tsuguna. Gabansu ƙananan kwalaben maganin tari ne da aka wanke, an jera. Biyu da ruwa ja wur kamar jini. Ramatu na riƙe da sirinji marar allura, tana ɗiga wani farin ruwa a cikin ɗaya, tana ƙunƙuni da yaren da ba na ji. Kan in ƙifta ido jan nan ya mutu, ruwa ya koma kore mai duhu kamar na tsohon tabki. Nafisa ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Wayyo, ni kaina ya ƙi ɗauka!" Sai Ramatu ta rage murya ta ce, "Tura su ƙarƙashin gadonki, kada Kaka ta gani ta zubar."

Ƙarƙashin gadon jikata! Nan take na gama shari'a ni kaɗai: yarinyar nan asiri take yi wa Nafisa, ta toshe mata kai don kada ta kamo ta. Nafisa tana tsakar gida, taku kaɗan tsakanina da ita. Ban tambaye ta ba. Mace irina, wadda ake zuwa tambaya, ta tambayi yarinya?

Washegari na aike ta gidan gwaggonta. Na kwaso kwalaben, na sa atamfata ta zuwa biki, na hau adaidaita. Duk tsawon hanya ina jera maganar da zan faɗa, kuma wallahi ta jeru.

Na tarar da gidan cike da mata, maƙwabta sun taru suna taya uwar Ramatu sussukar gero. Ta saki taɓarya ta taho da fara'a: "Lale, lale, Hajiya da kanta!" Ban amsa gaisuwar ba. Na kwance gyale, na jera kwalabe a ƙasa, na ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji. Na ce marainiya aka ba ni amana. Na ce na ciyar da ɗiyarsu da hannuna ta saka mini da wannan. Na ambaci sunan garinsu da abin da ake faɗa a kansa. (Rubuta, Nafisa, kada ki dube ni. Na faɗa.) Taɓare duk suka tsaya. Uban Ramatu ya shigo daga zaure da hula a hannu.

Ramatu ta fito daga ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa yadda ta saba, ta ɗauki kwalbar jan ruwan ta miƙo mini.

"Kaka, sansana."

"Allah ya tsare ni!"

Sai ta kafa kai ta kurɓa, a gaban kowa. Ta ce, "Soɓo ne. Na gidanki ma. Nafisa ta jiƙa shi ba sukari." Ta sa aka kawo ƙoƙo da ruwa, sannan ta dube ni ta ce, "Kaka, ara mini battarki."

Jama'a, ni ina cin taba da 'yar kanwa tun ina amarya, kuma ko mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin battar nan ba. Hajiya guda, mai raba faɗa! Na ce, "Wace batta?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wadda ke lalitarki. Daga ciki Nafisa ta ɗebo mana kanwar jiya." Haka na juya baya na kwance lalita, mata suna kallon ƙasa don su rufa mini asiri.

Ta jiƙa kanwar, ta ɗiga a soɓon. Ja ya mutu, kore ya taso, sak abin da na gani. Ta yanka lemun tsami ta matsa. Ja ya dawo. Ta yi bayani a hankali, ba don ta ci mini fuska ba, kamar dai tana gaban tablo. Ta ce duk abu mai tsami a shimi asid sunansa, irin su kanwa da ruwan toka kuma baz. In sun haɗu kowa na kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Soɓo kuwa shaida ne kawai, launinsa ke faɗin wanda ya rinjaya. Akwai wurin da ƙarfinsu ke zuwa daidai, ba wanda ya fi wani, kuma lissafin wannan wurin ne ake tambaya a bak. Nafisa ta haddace shi a baki amma ya ƙi zama mata a kai, shi ya sa mushensu, malamin shimi, ya ce su gwada da abin da ke gida, ido ya gani.

Wata tsohuwa sa'ata da ke bakin turmi ta ce, ba da gatse ba, "Hajiya, ke ba kya jefa kanwa a miyar yakuwa in ta yi tsami?"

Ina jefawa. Tun kafin a haifi iyayen yaran nan nake jefawa. Na sha ganin miya ta sake launi a tukunyata ban taɓa kiran malam ba. Don dai na gan shi a kwalba, a hannun 'yar Tsibiri, sai na manta da madafata gaba ɗaya.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi. Uban Ramatu ya ce, "Hajiya, kin haife ni, ba zan mayar miki da magana ba. Amma ɗiyata ba za ta sake taka gidanki ba." Ya rako ni har bakin hanya, ya tsayar mini da adaidaita, ya ce in gaida gida. Wannan rakiyar ta fi mari zafi.

Da Nafisa ta ji, ba ta ɗaga mini murya ba. Ta je ta juya tablon ya fuskanci bango. Ta ce, "Kaka, da kin tambaye ni." Jarrabawa ta matso, ni kuma da hannuna na kore mata malama. Ramar da na ɗora wa asiri ashe tsoron faɗuwa ce kawai, ga shi na ƙara mata.

Na kwana biyu ina kokawa da girman kaina. Sannan na koma Tsibiri, ba atamfar biki. Na roƙi uwar Ramatu ta kira mini matan nan duka, har tsohuwar bakin turmi. Na ce da ƙarfi na ɓata sunan yarinya, da ƙarfi zan wanke shi. Na tsaya inda na tsaya ran nan, na ɗaga murya yadda na ɗaga, na ce ƙarya na yi wa Ramatu, na yi wa garinsu. Na durƙusa. Gwiwoyina sun daɗe ba su san ƙasa ba sai a salla.

Uban bai janye maganarsa ba, amma ya ce Nafisa tana iya zuwa. Haka aka juya: jikata ce ta riƙa bin hanyar Tsibiri kullum cikin zafin rana, ni kuma aikina ƙulla mata soɓo da kanwa da lemun tsami.

Sakamako ya fito. Ramatu ta haye tun zagayen farko. Nafisa sai da aka kai zagaye na biyu, na tambayar baki, ta tsallake da ƙyar. Ta tsallake dai. Yau tana karɓar haihuwa a wani asibitin cikin gari.

Ranar murna Ramatu ta zo, ta tsaya a bakin zaure, ba ta shigo ba. Na fito da sauri da kofin soɓo mai sanyi, wanda na sa wa sukari da citta da kaina. Ta rusuna ta ce, "Hajiya, barka da arziki." Hajiya ta ce. Ta dubi kofin ta ce, "Na gode, a ƙoshe nake." Har yau muna gaisawa da mutunci, amma Kaka ba ta sake fitowa daga bakinta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Shimin da na koya ke nan. Lemun tsami ya mayar wa soɓo da jansa a gaban idona, amma ban sami abin da zan matsa a maganata ta koma ciki ba. Yanzu in na ga abin da ban gane ba, sai na sansana, na tambayi ƙaramin gida, kafin in nemi gyale. Battata kuma a fili nake ajiye ta. Duk Tsibiri an riga an gani.