Ranar da Na Daka Motar Kawu da Taɓarya

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar gyaɗar da na kusa kashe motar Kawu Sule da hannuna. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuma ina tuƙa masa babbar mota, ina kwaso gyaɗa daga ƙauyukan Samaru zuwa tashar jirgi a Sabon Gari. Motar nan ita ce duk abin da Kawu ya mallaka.

A gaban inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da bel, wato igiyar roba, ke zagayawa. Yana zaune a bakin sandar da ke juya injin, wadda ake kira karanshaf, noti kuma ya riƙe shi. Namu ya tsage a Samaru. Kawu ya aiko da sabo, da saƙon in jira bakanike. Ban jira ba. Ni ɗan maƙera ne, a gidanmu in ruwan fartanya ya ƙi shiga ƙota, duka ake yi masa (a lokacin na ɗauka duk ƙarfen duniya ɗan uwan fartanya ne). Faifai ya ƙi zama, sai na aro taɓarya wurin Maryamu, matar malamin coci da ke kusa, na yi bisimilla na yi ta kirɓa.

Faifai ya zauna. Noti kuwa ya ce atafau. Da na duba, haƙoran bakin sandar, waɗanda noti ke bi ya ɗauru, duk sun kwanta kamar dawar da iska ta bi ta kai. Na jingina taɓarya a dangar Maryamu, na sulale.

Da hantsi Kawu ya iso tare da Baba Lasisi, wani Bayarabe bakanike na Sabon Gari. Baba ya shafa bakin ƙarfen ya ce, "In wannan ya mutu, sai an jira wani daga Ingila. Gyaɗa ta wuce ke nan."

Kawu ya dube ni. "Ɗan nan, me ya same shi?"

"Haka na same shi, Kawu."

Ban rufe baki ba sai ga Maryamu da taɓarya a kafaɗa. "Direba, tsakaninka da Allah, me ka daka?" Ta juyo gindin taɓaryar ga jama'a. Ga zanen bakin karanshaf nan zagaye-zagaye, ya fito sarai kamar hatimin alƙali, har da baƙin mai. 'Yan dako suka kwashe da dariya. Baba Lasisi ya ce, "Oga direba, ka sa gishiri kuwa?" Na so ƙasa ta tsage.

Abin da ya biyo baya ne har yau nake yi wa tasbihi. Baba ya cire faifan, ya goge bakin ƙarfen da magagari a hankali. Sai ya ɗauko wani noti mai tauri ya raba shi biyu da zarto. Bai sa shi ta gaba inda aka lalata ba. Can ciki ya haɗa shi, inda haƙoran ke da lafiya, ya matse, ya ɗiga mai, ya riƙa warwarowa waje. Ya juya kaɗan, ya koma, ya hura, ya sake. Lafiyayyun haƙora suka zama jagora, karyayyun suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kamar sahun masallata in liman ya ce a daidaita. Ni da na sha gyaran rubutu a allo, ban taɓa ganin an gyara kuskure ba tare da an wanke shi ba sai ranar.

Bayan la'asar ya mayar da faifan da dabara, babu duka. Ya miƙo mini noti. "Da yatsu biyu kawai."

Subhanallahi! Ya shige sumul. Baba ya ƙarasa ɗaurewa, inji ya tashi.

Kawu bai kore ni ba. Ya dai ce, "Tuƙi naka ne. Amma ko a hanya ka haɗu da guduma, ka gaishe ta ka wuce."

Na riƙe wannan. Na kuma koyi cewa in mutum zai yi ƙarya, to ya fara tabbatar bai bar shaida a gidan malamin coci ba. Mafi sauƙi dai kada ya yi.