Sumbar Ƙafa Uku

Jama'a, jiya Talata na rasa wunin aiki a masaƙa saboda an kira ni shaida, kuma laifina kawai na yi tafi a silima.

Kun dai san yadda abin ya faro. Masu gidajen silima sun ji ƙishin-ƙishin hukuma za ta sa musu takunkumi, sai suka yi wuf suka sa wa kansu. Suka kafa kwamitin dattawa, suka naɗa masa shugaba, wanda ni nake kira Mai Girma Sarkin Almakashi. Allah ya ja zamaninsa, shi ya gano cewa tarbiyya da ma'auni ake auna ta: duk sumbar da ta wuce tsawon ƙafa uku a jikin zaren fim, a datse.

Abu ɗaya ya manta. Majigi da hannu ake juya shi, kuma hannun na maƙwabcina ne, Septimus Clegg, mai 'ya'ya biyar. Ranar Asabar da aka zo wurin sumbar, sai Clegg ya sassauta hannu. Ƙafa ukun nan ta yi ta tafiya har mai kaɗa piyano da ke raka fim da kiɗa ta ƙare waƙarta ta sako wata. Matata Winifred ta riƙe hannuna, abin da rabonta da yi tun bikinmu. Ina dalili ba zan yi tafi ba?

Wani ya kai ƙara gaban kwamitin. Aka ce in an tabbatar, Clegg ya bar aiki.

Jiya a hanyarmu ta zuwa silima ya ce min, "Maƙwabci, ka ce kafaɗata ce ta riƙe."

Na ce, "Kafaɗar da ba ta riƙewa sai an zo wurin sumba?"

"Kai dai faɗi haka. Yara biyar fa."

Yaran nan kuwa a ƙofata suke wasa.

Dattawa shida suka zauna a layin gaba, Clegg ya juya fim yadda aka saba. Sumba ta wuce fit.

Mai Girma ya gyara tabarau ya ce, "Ban ga komai ba. Yi yadda ka yi ran Asabar."

Clegg ya yi.

"Sake. A hankali, yaro, bincike muke yi."

Sau bakwai, jama'a. Ni shaida ko sunana ba a tambaya ba. Daga ƙarshe aka yanke cewa lamarin yana da zurfi, kwamiti zai riƙa zama a kansa duk Talata, kuma ba a yarda kowa ya taɓa majigin ba sai Clegg, tunda shi ya san kan abin.

Muka dawo gida muna dariya kamar mun sha giya. Mu talakawa an ce ranar Asabar a juya mana da sauri, don kare mana tarbiyya. Amma yanzu kafaɗar Clegg ta riƙe da gaske, Winifred kuma tana tambaya ko kwamitin yana ɗaukar mata.