Albarushin da Na Sayo Don Jana'izar Kaka

Abin da ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, shi ne ranar da muka binne kakana a ƙauyenmu kusa da Zonkwa, a 1991. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin shi ne ba ni da wanda zan shaƙe sai kaina.

Kaka maharbi ne. A gidanmu, in maharbi ya rasu, bayan fasto ya gama addu'a sai jikansa na fari ya ɗura bindigar marigayin da hannunsa, ya harba sama a bakin kabari. In ta tashi, ta zama tasa. Ni ne jikan fari, kuma tun ina yaro nake haɗiyar yawu a kan bindigar tokar nan. Yohanna, ɗan ƙanen babana, shi ma yana so, ya daɗe yana yaɗa cewa hannuna bai san komai ba sai biro (ni akawu ne a Kafanchan, sai ka ce laifi na yi).

Kawu Danladi ya ce in je kasuwa wurin Malam Sule, tsohon abokin Kaka, in sayo albarushi da tsumman toshewa. Na je kuwa. Na tarar da tsoho a kan buhu, kayansa cikin wani gora da ya yi baƙi ƙirin da dauɗa. Ya yi mini gaisuwar rashi har da ƙwalla, ya ce in zauna ya ɗebi kaɗan ya gwada a gabana, wai haka Kaka yake saye shekara da shekaru. Ni da takalmina mai sheƙi in tsuguna a ƙasa? Na ce ina zuwa, na sulale.

Can gaba na ci karo da wani mai baki kamar rediyo. Nasa albarushin a gwangwani yake, da hoton zaki da rubutun da ban iya karantawa ba. Ya rantse mini daga ƙasar waje aka kawo, ya ce irin wannan ba a gwada shi, gwaji na kayan ƙauye ne. Maganar ta yi mini daɗi, wallahi ta yi mini daɗi. Har da wani sabon mazubi na roba na haɗa, wai kada a gan ni da tsohon ƙahon Kaka. Ɓarawo, macuci, duk inda yake Allah ya isa.

Da na dawo, Kawu ya miƙo hannu zai duba. Na hana.

"Ka gwada shi dai?" in ji shi.

"Kawu, wannan ba irin naku ba ne."

Ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya tafi abinsa.

Washegari gari ya cika. Matan zumunta sun jeru da ankonsu, maharba sun zo daga ƙauyuka uku, ga kuma Rahila, wadda nake nema, tsaye tare da babanta. Fasto ya ce amin. Na ɗura bindiga a hankali ina ta yanga don kowa ya gani, na ɗaga ta sama, na runtse ido, na ja kunama.

Fusss.

Shi ke nan. Wani siririn hayaƙi ya fito, baƙin gari ya zubo mini a fuska da farar rigata. Akuyar da ke ɗaure a gindin mangwaro ko kai ba ta ɗaga ba. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Bindiga ne ya yi tusa, ko yaron ne?"

Jama'a, a bakin kabari aka fashe da dariya. Fasto ya rufe fuska da littafin waƙa, kafaɗunsa na rawa. Kawu ya murza garin a tafin hannu, ya sansana, ya sanar wa duniya cewa gawayi ne aka daka, ko rabin albarushi babu. (Da ya faɗa mini a kunne, me zai rage shi?) Yohanna ya karɓi bindigar ba tare da ya tambaye ni ba, ya share ta, ya ɗura daga ƙahon Kaka. Da ta tashi sai da tsuntsaye suka watse daga kan bishiyoyi, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina tsaye kamar mai sayar da gawayi, hawayen takaici na wanke mini kumatu, mutane suna cewa kai, yaron nan yana son kakansa.

Ranar kasuwa na koma neman mai gwangwani da sanda a hannu. Babu shi, babu wanda ya san shi.

Na dai koyi cewa duk kayan da mai shi ya ce ya fi ƙarfin gwaji, kai ne za a gwada, kuma a gaban jama'a. Rahila ta aure ni duk da haka. Ranar bikinmu Yohanna ya zo da bindigar Kaka ya harba mana sau uku, kuma dole na tashi a gaban surukaina na yi masa godiya.